Rahamatu da Ɓoyayyen Nau'i

Rahamatu malamar kwamfuta ce a wata makarantar sakandare a Kazaure, amma a Roni take zaune, gidan mahaifinta Malam Daudu, wanda ya rage shi kaɗai tun rasuwar mahaifiyarta. Ɗan acaɓa ke kai ta da safe, ya dawo da ita bayan azahar. Idan maƙwabta suka shigo da la'asar suka tarar da ita a gindin darbejiyar tsakar gida da laftof a cinya, sai su ɗauka sakamakon jarrabawar yara take shigarwa.

Ba shi take yi ba. Akwai wani yaren rubuta manhaja da mutane daga ƙasashe daban-daban suke ginawa tare don sa kai, kowa daga inda yake, ita ma tana cikinsu. Abin da suke aiki a kai shi ne kampaila, wato babbar manhajar da ke karanta abin da mutum ya rubuta, ta tantance ko ya yi daidai, sannan ta mayar da shi abin da na'ura ke ganewa. Manasseh ne ya jawo ta ciki. Tare suka yi karatu. Iyayensa mutanen Filato ne, amma a Kazaure aka haife shi. Duk Asabar sukan haɗu a shagon yayarsa Dorkas, mai buga takardu da fotokwafi, saboda tana da sola da fanka. Su wuni suna musu a kan abin da babu mutum na uku a garin da ya damu da shi, Dorkas tana dariya tana cewa, "Ku dai ko Turancinku ba irin na mutane ba ne."

Da Manasseh ya samu aiki a Legas, cewa ya yi babu abin da zai canza. Da farko yana kira duk mako. Daga baya ya koma saƙo, daga nan kuma sai dai ta ga alamar ya karanta nata.

A farkon damina ta ɗauki wata matsala da ta daɗe a ajiye ba wanda ya taɓa. A yaren nan kowane abu yana da nau'insa: wannan lamba ce, wannan rubutu ne, wancan jeri ne. Kowane nau'i kuma yana da sifofinsa, wato abubuwan da aka yarda a yi da shi, kamar a kwafe shi, ko a bi abin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya. A cikin kampaila akwai sashen da ba shi da aiki sai amsa tambaya guda: nau'in nan yana da sifar nan ko ba shi da ita? Shi suke kira solba.

To, an ba mai rubutu dama ya tsara wani aiki ya ce, "Zan dawo muku da abin da za ku iya bi ɗaya bayan ɗaya," ba tare da ya faɗi nau'in abin ba. Shi ne ɓoyayyen nau'i. A cikin aikin, dole solba ya duba abin da aka dawo da shi ya gano ainihin nau'insa. A waje kuwa bai kamata ya bayyana shi ba. Masu amfani da aikin su dogara da sifar da aka yi musu alkawari kawai, don mai aikin ya iya sauya abin da ke ciki gobe ba tare da ya rusa na wasu ba. Inda abin ke lalacewa shi ne idan aikin ya kira kansa da kansa. Sai solba ya ci karo da ɓoyayyen nau'in tun kafin ya iso layin da zai nuna masa ko mene ne, sai ya ƙi rubutun da babu kuskure a cikinsa.

Gyaranta na farko bai ba ta wuya ba. Ta ba solba izinin leƙa abin da ke ɓoye duk lokacin da ya maƙale. Gwaje-gwaje duka suka wuce, ta tura tana jin daɗi. Wadda ke duba ayyukan wannan sashe wata ce mai suna Sophia, da Rahamatu ba ta san komai game da ita ba sai sunan da hoton kyanwa. Amsarta gajeriya ce: gyaran zai sa nau'in ya bayyana har a waje, ga misali. Rahamatu ta gwada misalin a gindin darbejiya, ta ga gaskiya ne. Ta daɗe tana kallon allon, kaji suna kiwo a gefen tabarmarta.

Ta kira Manasseh. Hayaniyar motoci ce ta fara amsa mata.

"Malama! Ya Roni? Ya Baba?"

"Lafiya ƙalau. Ka ga abin da Sophia ta rubuto?"

"Gaskiya rabona da buɗe shafin kampailar tun kafin bikin Ista. Aikin nan bai barin mutum ya numfasa. Bari in sauka daga mota in kira ki."

Bai kira ba, ita ma ba ta sake nemansa ba.

Wata rana da yamma Malam Daudu ya dawo daga gona, ya zauna kusa da ita yana gyara ƙotar fartanya. Ya dube ta ya ce, "Kwana biyun nan ba kya magana. Injin ne ya lalace?"

"A'a Baba, wani abu ne ya ƙi fita."

"To faɗa mini. Ba ganewa zan yi ba, amma ina da kunne."

Sai ta fara, da Hausa, a hankali, tana neman kalmomin da ba ta taɓa buƙata ba. Ta gaya masa akwai mai amsa tambaya, ana tambayarsa abu kafin ya sami labarinsa, shi kuma sai ya ce a'a. Malam Daudu yana gyaɗa kai yana buga ƙota da dutse. Tana tsakiyar bayani aka kira magariba, ya miƙe ya ɗauki buta, ya ce ta riƙe sauran sai ya dawo. Ita kuwa bakinta bai tsaya ba, ta ƙarasa zancen tana fuskantar inda ya tashi. A nan ta ji da kunnenta abin da ta kasa gani a allo. Ai solba ba "e" da "a'a" kaɗai ya iya faɗa ba. A wasu wurare yakan ce "ban sani ba tukuna", ya ajiye tambayar a gefe. Abin da ya kamata ke nan: idan yana cikin aikin da ya mallaki ɓoyayyen nau'in, ya jinkirta amsa har ya gama karanta aikin, sannan ya dawo kan tambayar. Idan a waje yake, kada ya leƙa ko kaɗan.

Da Malam Daudu ya dawo daga masallaci ya manta da zancen, ita ma ba ta tuna masa ba.

Gane hanya daban, binta daban. Makonni ta yi a kai. Idan hadari ya rufe gari batirin solarsu ba ya cika, sai ta rufe laftof da wuri. Idan za ta tura aiki, sai ta hau dutsen bayan gidansu inda sabis ya fi ƙarfi, ta zauna tana kallon gero da dawa sun yi kore shar har iya ganinta. Akwai wani gwaji da ya dinga sa solba yana ajiye tambaya yana ɗaukowa ba iyaka, fankar laftof tana kuka har ta yi zafi a cinyarta. Sai da ta sa masa ƙa'ida: idan ya zagayo bai ƙaru da sabon bayani ba, ya tsaya ya gaya wa mai rubutu cewa ya kasa gano nau'in. Sophia ta dawo mata da aikin ya fi sau ɗaya, kullum da gajeren bayani, kullum kuma da gaskiyarta.

Saƙon Sophia na ƙarshe ya same ta ne a ɗakin malamai lokacin tara. "An haɗa gyaranki cikin kampaila. Aiki ya yi kyau." Ta karanta, ta sake karantawa. Ta ɗaga kai, malamai suna ta gardama a kan ƙwallon jiya. Ta buɗe baki, sai ta ga ba ta san ta inda za ta fara ba, ta mayar da wayar jaka.

Da aka tashi ba ta nemi ɗan acaɓanta ba, ta taka zuwa shagon Dorkas.

"Malama Rahamatu! Kin yi wuyar gani. Ai na ɗauka zan gan ki da Manasseh ya zo."

"Ya zo ne, Anti?"

Dorkas ta tsaya da takarda a hannu. "Makon jiya. Ya kawo yarinyar da zai aura ta gai da su Mama. Bai neme ki ba?"

"Wataƙila lokaci ne bai samu ba," in ji Rahamatu. "Allah ya sanya alheri."

Dorkas ta jawo mata kujera, ta ɗauko mata zoɓo mai sanyi, tana ta faɗan halin ƙaninta. Rahamatu ta ce mata aikin nan da suke yi ne aka karɓi nata. Dorkas ta ce, "Kai, madalla, Allah ya ƙara basira," da zuciya ɗaya ta faɗa, sai ga wani mutum ya shigo da takardun fili yana sauri, ta juya wurin inji.

A hanyar Roni ruwa ya tare ta ita da ɗan acaɓan da ya ɗauko ta, suka fake a wata rumfa tare da wasu mata da suka taso daga kasuwar Gwiwa da ƙwaryar nono. Rahamatu ta fito da waya ta rubuta wa Manasseh barka. Ta ƙara da labarin gyaran, yadda ta gano shi da yadda gwajin nan ya wahalar da ita, har rubutun ya yi tsawo. Ta dube shi, ta goge, ta tura barkar kaɗai.

Ta tarar da gidan ba kowa, awaki sun taru a ƙofar kicin suna rawar sanyi. Ta kora su garke, ta kwashe shanyar da ta jiƙe, ta hura wuta da ƙyar saboda itacen ya sha ruwa. Tuwo ya kusa nuna Malam Daudu ya yi sallama, rigarsa sharkaf, fuskarsa cike da murna. Ya ce geron gonar gabas ya fara fitar da kai. Ta zuba masa ruwan ɗumi a buta, ta zauna a bakin murhu tana tuƙi, yana ba ta labarin gona.