Waɗanda Tarko Ba Ya Kamawa

Duk ranar Alhamis Shafa'atu takan shigo motar farko daga Tsafe, ta sauka Gusau, ta taka da ƙafa har Sabon Gari, zuwa wani ɗan ofis da ke maƙale a bayan shagunan masu kayan gini. Shekara biyu ke nan da mijinta ya bar gida. Ya fita ne a bazarar 1996, lokacin da sanƙarau ke ɗibar mutane, ya ce zai kai albasa Bungudu ya dawo jibi. Tun daga ranar ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ba gawa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi a hanya. Ita dai abu ɗaya take so ta sani, ko har yanzu matar aure ce, ko kuwa takaba ce ke jiranta.

Ofishin na wata ƙungiyar agaji ne. Bayan annobar ta lafa suka bi rumfunan da aka kakkafa wa marasa lafiya a Tsafe da Gusau da Mada da Bungudu, suka kwaso littattafan rajista, suka sa masu buga tafireta suna kwafe su cikin kwamfuta. Mutum ɗaya, layi ɗaya: lambar shafi, suna, gari, shekaru, rana, sai harafi guda a ƙarshe, S in an sallame shi, R in ya rasu. Layukan sun haura dubu sittin, kuma kowane mako ana ƙara wasu.

Mai kula da kwamfutar shi ne Haliru, wani siririn mutum da ya koyo aikin a Kaduna, ya dawo gida da tabarau da ɗan ji da kai. Ba mugu ba ne. Abin dai shi ne ya fi haƙuri da na'ura a kan ɗan Adam, in tana aiki ko atishawa ba ya so a yi. Ranar da Shafa'atu ta fara zuwa ya tambaye ta sunan mijin har sau uku tana sunkuyar da kai, ya fara ƙufula, sai ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa wata 'yar takarda. An rubuta Lawali. Mijinta ne na fari, bakinta bai taɓa kama sunan ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta fara a gaban baƙo ba.

Abin da Haliru ke bincike da shi, shi yake kira tarko. Layi ne guda na haruffa da alamomi da yake rubuta wa na'urar, ma'anarsa: nemo mini duk inda aka ce Lawali, ko Lawal, ko Lawwali, sai kowane irin rubutu ya biyo baya, sai Tsafe, sai watan uku ko na huɗu. Ya ɗana shi, ya danna, na'urar ta kama gurnani. Takan bi kowane layi harafi bayan harafi, ta gwada, ta ja da baya, ta sake gwadawa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kusan rabin awa take yi kafin ta kai ƙarshe. In aka ɗauke wuta a tsakiya kuwa, kuma ana ɗaukewa, sai a koma farko.

Wannan rabin awa Shafa'atu takan yi ta ne a kan benci, hannu a kan cinya, idonta a kan allon da ba abin da ke motsi a kansa sai wani ɗan ɗigo mai ƙiftawa. Daga ƙarshe Haliru ya ce, "Babu." Ta ce, "To, Allah shi kai mu Alhamis." Ta tashi ta tafi.

Jinkirin ya daɗe yana ci wa Haliru tuwo a ƙwarya, don ba ita kaɗai ke zuwa ba, wani lokaci mutum shida ne a bakin ƙofa. Ya san na'urar ba ta aiki da tarkon yadda ya rubuta shi. Sai ta fara warware shi tukuna, ta mayar da shi jerin matakai: duba wannan harafi, in ya dace je mataki na tara, in bai dace ba koma na huɗu. Wata rana ya gano yadda zai sa ta buga masa matakan a takarda. Ya shimfiɗa takardar a tebur, ya ɗauki jan biro, ya yi ta bin hanyoyin ɗaya bayan ɗaya har la'asar ta kusa kuɓuce masa.

Abu biyu ya gani. Na farko, duk ta inda na'urar ta bi cikin matakan nan, dole ta ratsa ta wasu haruffa da ba su da makawa, a tarkon Shafa'atu su ne "Law" da "Tsafe". Na biyu, in ka ƙirga hanya mafi gajarta daga matakin farko zuwa na ƙarshe, za ka san tsawon layin da ya fi kowanne gajarta wanda tarkon zai iya kamawa. Duk layin da bai kai haka ba, ko shekara za a yi ana gwada shi, ba zai kamu ba. To me ya sa na'urar ke wahalar da kanta a kansa?

Kwana tara ya yi yana rubuta wani ɗan ƙaramin shiri da ya sa wa suna mai gadi. Aikinsa ya karanta matakan kowane tarko, ya ciro waɗannan abubuwa biyu, ya tsaya a bakin ƙofa. Layin da ya yi gajarta, wuce. Layin da ba shi da haruffan dole, wuce. Ɗan abin da ya rage shi ne za a tsaya a yi masa binciken tsanaki. Ya gwada shi da tsofaffin bincike goma, amsa ta fito daidai da ta da, ba ragi ba ƙari. Don alfahari ma ya sa mai gadin ya riƙa rubuta adadin layukan da ya kora a ƙasan allo, da dalilin korarsu. Ranar har tsire ya saya wa kansa.

Alhamis ta zo. Shafa'atu ta yi sallama, ta gyara mayafi za ta zauna. Haliru ya danna. Kafin ta gama zama ya ce, "Babu."

Ta tsaya a rabin zama tana kallonsa.

"Har ya ƙare?"

"Ya ƙare. Na gyara shi ne, yanzu ba ya ɓata lokaci."

"Ya duba su duka?"

"Ya tsallake waɗanda ba su dace ba."

Can ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Malam, wa yag gaya mishi waɗanda ba su dace ba?"

Ya buɗe baki zai yi mata bayanin matakai da haruffan dole. Ta miƙe. Ranar ba ta ce Allah shi kai mu Alhamis ba, kuma Haliru ya lura.

Bayan sauran mutane sun watse ya zauna shi kaɗai. Tsakar rana ce, zafi ya kori kowa daga titi, har masu kayan ginin sun yi tsit. Ya ji haushin maganar matar nan, don ya san aikinsa ba shi da kuskure, abin da mai gadi ya kora, tsohon binciken ma ba zai kama shi ba. Don ya tabbatar wa kansa sai ya shiga ɗana tarkunan da ya taɓa rubuta wa mutane, ɗaya bayan ɗaya, yana duba ƙasan allo. Adadin waɗanda aka kora don gajarta yana hawa yana sauka, gwargwadon tsawon tarkon. Amma akwai inda ba ya sauka ƙasa da nan. Ya ɗana tarko mai suna da gari kawai: ɗari huɗu da goma sha bakwai. Ya nemo mafi gajarta da ya taɓa amfani da shi: ɗari huɗu da goma sha bakwai.

Ya ce a ransa shirmen masu bugawa ne, layukan da aka fara aka bari. Ya sa na'urar ta ware su, ya tura wa firinta.

Firintar irin mai allura ce, mai ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Ta fara. Takarda ta riƙa fitowa tana naɗewa a ƙasa. Haliru ya kama bakinta ya duba. Layi na farko lambar shafi ce, sai kalma ɗaya, baƙo, sai R. Na biyu ma haka. Na uku baƙuwa, R. Ya bi da ido har inda allurar ke bugawa, bai ga suna ko ɗaya ba, bai ga gari ba. Can da wuya ya ga S guda, sai R ta ci gaba.

Mutanen da aka sauke daga mota ne ba su san inda kansu yake ba, da waɗanda aka tsinta a tasha ko a gindin bishiya. Ma'aikacin rumfa ya tambayi suna ba a amsa ba, ya rubuta abin da ya gani, ya wuce kan na gaba. Wata goma sha huɗu Haliru yana zaune a ɗakin nan tare da su. Duk tarkon da ya ɗana da suna yake farawa, su kuwa ba su da shi, na'urar ta yi ta bi ta kansu kullum tana wucewa ba ta ce komai ba. Sai da aka sa mai korarsu a ƙofa sannan aka san da su.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, da rana tsaka. Ɗakin ya yi masa kamar ya cika da mutane masu jiran a kira su. Ya kasa juya baya ga takardar, ya kasa kashe firintar, ya tsaya a wurin har ta buga layi na ɗari huɗu da goma sha bakwai ta yi shiru.

Littattafan asali suna cikin kwalaye a ɗakin ajiya. Washegari ya shiga, abin da bai taɓa yi ba, don a ganinsa duk abin da ya shiga kwamfuta ya gama da takarda. Ya ciro na Bungudu. Kowane shafi da kwanan wata a samansa, ya ware baƙin da aka kawo a makon da mijin Shafa'atu ya bar gida. Su bakwai ne. A nan ya ga abin da masu bugawa suka bari, don ba a ba su gurbinsa ba: a gefen shafi ma'aikacin yakan ɗan rubuta wani abu da ƙananan haruffa. Wannan tsoho ne mai carbi a wuya. Wannan da tabon ƙuna a hannu. A kan na biyar Haliru ya tsaya, ya karanta, ya sake karantawa, ya zauna a kan kwali.

Bai san gidansu a Tsafe ba. Haka ya jira Alhamis, yana fargabar kada ta ƙi zuwa.

Ta zo, amma a makare. Ta nufi benci, ya ce mata ta matso kusa da tebur. Kwamfutar a kashe take. Ya buɗe littafin, ya juya mata shi, ya ɗora yatsa a gefen shafin.

"An sauke wani daga motar Tsafe ran tara ga watan huɗu," ya ce. "Bai iya faɗin sunansa ba. Ga abin da aka rubuta." Ya karanta mata yadda yake: "Ba ya gane kowa. Shafa'atu kawai yake kira. Ya cika da la'asar."

Ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta san sunanta in ta gan shi. Ta sa yatsa a ƙarƙashinsa ta bi shi daga farko har ƙarshe. Ta yi salati a hankali. Haliru ya jira kuka, bai zo ba. Sai ya ga tana lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirga watanni.

"Na taɓa tambayar malaminmu," ta ce. "Yac ce daga randa mutum yac cika aka fara ƙirga takaba, ko an sani ko ba a sani ba. Wata huɗu da kwana goma." Ta dubi yatsun nata. "Ashe tun daminar waccan shekara ta ƙare."



"Duk watannin nan kullum sai na yi kwalli. Na yi kitso, na sa lalle, don kada shi dawo shi iske ni wani iri." Ta rufe littafin da hannu biyu, ta tura masa. "Ko kwana guda ban yi mishi takaba ba, Malam."

Ta gyara mayafinta, ta tambaye shi inda ake shiga motar Bungudu.