Jirgin Auta a Cikin Baho

Tun ranar da Auta ta shigo da kwalin nan, wanda sai da mai tasi ya kama mata suka haye da shi matakala, gidan bai gaji da yi mata tsiya ba. Hoton jirgin ruwa ne a jikinsa, mai bututun hayaƙi uku. A ciki kuwa ƙananan bulo ne na roba, dubbai, leda-leda, kowace leda da lambarta. Sai ka gama ginin leda ta ɗaya kafin ka yaga ta biyu.

"Mace da digirinta, tana gwajin jini a asibiti, ta ƙare a wasan yara," in ji Yaya, babban wanta. "Wai albashinki nawa ya ci?"

"Naka ya ci?" ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

A kan teburin cin abinci ta kafa aikin, don shi kaɗai ne zai ɗauki tsawon jirgin. Ta gama ƙasansa ke nan Gwaggo, ƙanwar Abba, ta zo kwana biyu. Gwaggo kuwa ba ta iya ganin tarkace ta kau da kai. Da yamma Auta ta dawo daga aiki ta tarar babu leda ko ɗaya. An farke su duka, an juye a baho, an wanke da sabulu, an shanya, an kuma raba su faranti-faranti: baƙi daban, fari daban, ja daban.

"Ga su nan fes," in ji Gwaggo. "Da sun cika falo kamar shagon mai kayan koli."

Auta ta tsaya da jaka a kafaɗa tana kallon farantin baƙaƙen, ya yi tozo. Maganar da ta taso mata ta haɗiye ta, ta ce, "Sannu da aiki, Gwaggo."

Abba ya yanke hukunci a wurin. Ya gaji da cin abinci a kan cinya. In wata ya ƙare jirgi bai tashi ba, a juye wa 'ya'yan Yaya su yi wasansu, a ba shi teburinsa.

"Ina da bokiti ma," in ji Yaya.

Kwanakin farko sai da Auta ta raina kanta. Zanen da ke takardar umarnin ginin ya nuna ɗan bulo baƙi mai ƙugiya, ta tsoma hannu cikin farantin baƙaƙe, ta tona ta tona, kamar mai neman allura a rami. Wani yammacin bulo biyar kacal ta ɗora. Yatsunta suka yi ja, farcenta ya tsage wajen ɓamɓare waɗanda ta manna a inda bai kamata ba. Yaya kuwa duk ya biyo sai ya leƙa.

"Kyaftin, yaushe za mu tashi? Na sayi tikiti."

"Kujerarka tana wajen injin, Yaya. Ka saba da surutu."

Ran nan wani jan bulo ya faɗa cikin farantin baƙaƙe, idonta ya cafke shi tun daga bakin ƙofa. Ta tsaya cak. Ashe launi ba ya ɓuya, siffa ce ke ɓuya. Ta juye farantan duka a wuri guda, Umma tana salati, ta fara rabo sabo: masu ƙugiya nan, masu rami nan, shafaffu nan, dogaye nan, ko wane launi ne. Ta kwashe kofunan shayin Umma, da murafen tukwane, har da kwalin ƙwai. Mako guda cur ba ta ɗora ko bulo ɗaya a jirgin ba.

"Ta sare," Yaya ya gaya wa Abba. "Yanzu shago ta buɗe."

Auta ta ji, ta bar shi. Mai haƙuri ai shi ke dafa dutse.

Da ta koma gini, sai aiki ya kama gudu. Zane ya nuna, ta miƙa hannu kofi, ta ɗauko, ƙas, ya zauna. Bene ya hau kan bene. Tagogi suka jeru. Gwaggo, wadda kwana biyunta suka zama wata, ta riƙa zama a gefe tana cewa, "Kun gani? Da ban wanke ba da bai yi wannan ƙyallin ba."

Ranar ƙarshen wata Yaya ya shigo da 'ya'yansa biyu, da bokitinsa a hannu. A daidai lokacin Auta ke danna bututun hayaƙi na uku. Ta ja da baya, ta harɗe hannu.

Jirgin ya cinye teburin daga wannan baki zuwa wancan. Yaran suka matso suna kallo. Abba ya sa tabarau, ya sunkuya, ya leƙa ta wata 'yar taga.

"Har da gado a ciki," ya ce a hankali. Ya matsa gaba. "Da matakala. Ke, wannan ai ɗakin girki ne."

Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya dubi doguwar kabad ɗin gilashi da ke falon, inda kwanukan tangaran ke jere ba mai taɓa su.

"Uwar gida, kwashe kwanukan nan. A cire katakon tsakiya."

"Kwanukana?" in ji Umma.

"Yaushe rabon da mu ci abinci a ciki?"

Abba ya kama gaba, Auta ta kama baya, suka kai jirgin suka zaunar. Ya rufe gilashin da kansa, ya damƙa mata makullin.

Yaya ya tasa yaransa gaba zai fita.

"Yaya," ta ce, "bar min bokitin."

"Ki yi me da shi?"

"Na ga jirgin ƙasa a shagon. Ya fi wannan tsawo. Kuma Gwaggo ba ta tafi ba tukuna."