Lambobin da Suka Sauka

"Sun sauka! Wallahi sun sauka!" Matar maƙwabcina ce ke kaɗa takardar awon hantar mijinta a ƙofar ɗakinsa. "Wancan watan ɗari huɗu, yau sittin!"

Na taya ta murna da dukkan haƙorana. Ni tela ne, sanina da hanta bai wuce wadda ake soyawa ba.

Shi kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin gwajin jini na asibiti, shi ya sa duk layinmu ake ce masa Mai Awo. Sau biyu ina kai masa tawa takardar, har na fara wasiyya. Ya duba ya ce, "Kitse ne, Tela. Rage loma, ba ta nan taka za ta biyo ba."

Yanzu shi ne a kwance, idanu sun yi rawaya, ciki ya kumbura. Ya saka tabarau ya bi takardar da yatsa har ƙasa.

"Madalla," ya ce mata. "Abin ya kai a sha shayi."

Tana fita ya ce, "Matso. Waɗannan na sama da take wa murna, kukan hanta ne. In ana cutar da ita take zubo su cikin jini. Na ƙasan nan su ne aikinta. Dubi, abin da take ƙerawa ya yi ƙasa, jinin ma ya daɗe bai daskare ba."

"To ai kukan ya ragu."

"In kekenka ya daina ƙara, kuma ɗinki ba ya fita, gyaruwa ya yi?"

Ya ninke takardar, ya ci gaba:

"Likita zai yi mata bayani ranar Laraba, ya fi ni iya lallashi. Yau a bar ta ta ji daɗinta. Amma za ta gaya wa 'yarmu na samu sauƙi, ita kuma ta ɗage zuwa sai ƙarshen wata. Ba ni da ƙarshen wata, Tela. Ka kira ta. In ni na kira, uwar za ta ji."

Na sha shayin, na ƙona harshe, na koma shago na buga waya. Duk jawabin da na shirya ya gudu.

"Ɗinkinki ya kammala, ki zo ki gwada," na ce.

"Wane ɗinki kuma, Kawu?"

"Ke dai kada ki jira ƙarshen wata," na ce. 

"Gobe ina hanya," ta ce.

Kwana biyar ta samu yana cikin hayyacinsa. Ta katanga nake jiyo su, yana yi mata tsiyar har yanzu tana tsoron allura. A kwana na tara ya cika, da hantsi, kansa a cinyarta.

Bayan sati na leƙa gaisuwa. Na tarar da matarsa tana sharar tsakar gida. Da ta zo kan takalmansa a ƙofar ɗaki, sai ta zagaye su da tsintsiya ta wuce.