Kan Hajiya Dudu a Cinyar Birinya

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni, ni Lantana mai kitso, ya dire ni a ƙofar wani tsohon gidan bauta na zallar dutse. An sassaƙa manyan fuskoki a jikin hasumiyoyinsa, kowace tana murmushi kamar ta san sirrina. Saiwoyin itatuwa sun ƙanƙame bango. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi, don haka na riƙe lemata a kife.

Wani biri mai gadi ya tare ni. Ya ce, “Baiwar Allah, takalmi ya shiga, ƙafafu a bar su nan.” Na bar su.

Na hau matakala ɗari, na tsinci kaina a tsakar gida. Birai ko'ina, kowa na duba kan ɗan'uwansa. A gindin wata fuska kuwa, wa zan gani? Hajiya Dudu! Matar da shekara goma sha tara ba hannun da ya taɓa kanta sai nawa, ga ta ta ɗora shi a cinyar wata tsohuwar birinya. Ba tsinke, ba mai. Da farce take tsaga, abin da ta tsinta ta jefa baki. Hajiyar da kullum ke ce mini hannuna da zafi, har minshari take.

Wallahi kishi ya turnuƙe ni.

Na ce, “Hajiya, yau fa Alhamis, ranarmu.”

Ta buɗe ido ɗaya. “Ayya Lantana, ita ba ta ja. Kuma tun safe ba ta ba ni labarin kowa ba.”

Fuskokin dutsen suka juyo gaba ɗaya. Kowace da shuku irin nawa, amma tsagarta ta fi tawa miƙewa.

Na tuge ɗankwali na ce sai na ga abin da ake yabo. Birinyar ta jawo kaina ta hau tsaga. Abin da ya fi ƙona mini rai, da daɗi.

Bugun ƙyauren langa-langa ne ya tashe ni, da sallamar Hajiya Dudu. Na zabura neman tsinke, sannan na gane ba ƙofata ake bugawa ba. Ta Jummala ce, sabuwar mai kitson da ta tare a maƙwabta, wadda gaisuwarta ba ta wuce kalma biyu.