Shirun da Aka Yi wa Mutebi

Sati uku Mutebi ya yi a ƙungiyar besbol, wasan bugun ƙwallo da sanda, ta wani ƙaramin gari a jihar Iowa ta Amurka, ba wanda ya taɓa zolayarsa, abin kuma yana cinsa. Tun zuwansa daga Uganda ya lura cewa a nan wanda ake so shi ake tsokana. Tackett, tsohon hannu mai tsugunawa yana cafe ƙwallo, Kaka suke ce masa saboda gwiwoyinsa sun gaji. Delgado kuwa an taɓa liƙa masa cingam a saman hula, ya yi rabin wasa a haka, 'yan kallo na ta dariya. Shi Mutebi sai dai a gaishe shi a mutunce, a tambaye shi ko ya ci abinci, kamar baƙon da zai tafi gobe. So yake ya zama ɗan gida.

Ranar wata Lahadi da la'asar ya samu yadda yake so. Ya ɗirka wa ƙwallo sanda, ta tsallake shinge ta faɗa gonar masara. Irin wannan bugun shi ne babba a wasan, kuma nasa na farko ke nan. Ya zagaye filin da gudu, ya sauko rumfar 'yan wasa hannu a sama, yana jiran a tafa.

Ko kallonsa ba wanda ya yi. Tackett na ɗaure abin kare ƙwauri. Delgado ya ƙura wa kofin ruwa ido. Koci na rubuce-rubuce a katinsa. Hannun nan ya daɗe a sama, har kunya ta sa Mutebi ya sosa ƙeya da shi.

Haka ake yi wa kowane sabo ranar bugunsa na farko, amma wa zai gaya masa? Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce a zuciyarsa in wannan bai isa ba, babu abin da zai isa. Ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin benci, ya zuba safar hannu, ya rataya.

"Ina zuwa kuma?" in ji Tackett, bai ɗago ba.

"Na ga ba a bukatata."

Delgado ne ya fara fashewa da dariya. Kafin Mutebi ya ankara sun rufe shi, wannan ya doki hularsa, wancan ya juye masa bokitin ruwan ƙanƙara. Tackett na share hawayen dariya ya ce shekararsa goma sha ɗaya a wasan nan, ya ga wanda ya tafa da iska, ya ga wanda ya yi zagi, bai taɓa ganin wanda ya haɗa kaya ba.

"Ka zauna, Fasinja, motar ba ta zo ba," in ji Tackett.

Sunan ya bi shi. Ko mai shara a filin da shi yake kiransa.

A watan Agusta aka kawo wani sabo, Lindqvist, mai kunya, Mutebi kaɗai yake iya yi wa hira. Ranar da ya yi nasa bugun na farko, ya sauko rumfa ya wuce kowa, ya miƙo wa Mutebi hannu yana murmushi.

Tausayi ya kama Mutebi sosai. Amma ya sunkuya kamar bai ga hannun ba, ya kwance igiyar takalminsa, ya shiga ɗaurewa a hankali.