Cincin Ɗin Bikin Ummi

Saratu, wadda ake kira Maman Patience, ba ta jin nauyin bin bashi, duk Gyaɗi-Gyaɗi an shaide ta a kan wannan. Mai shagon da ya karɓi cincin ɗinta ko kek ya ce sai an sayar, ya san za ta dawo da rasit a hannu, ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta zauna a kan bencinsa har sai ya gaji da ganinta. Da haka ta riƙe ɗan shagonta na soye-soye tun zuwansu daga Kafanchan. Bashi ɗaya ne ya gagare ta, kuma shi ne mafi girma, na Hajiya Khadija ta Darmanawa.

Hajiya ta daɗe tana ciniki da ita, ba ta taɓa riƙe mata ko kwabo ba. Da za ta aurar da 'yarta Ummi, ta yi odar cincin da dubulan da kek na fitar hankali. Ta tambayi kuɗin, Saratu ta ce, "Haba Hajiya, a yi biki lafiya tukuna. Ai mu ne da biki." Maganar fatar baki ce, irin wadda kowa ke yi.

Ranar wuni abin ya kwaɓe. Mai adaidaita sahun da ya saba kai mata kaya tare da rasit ya yi tafiya, sai ta ɗauko kayan da kanta. Ga ta cikin anko, ta faɗo gidan daidai lokacin da mata ke miƙa gudunmawa. Wata ƙanwar Hajiya mai murya kamar lasifika ta hango bokitai ana shigowa da su, ta rangaɗa guɗa.

"Jama'a, ku zo ku ga gudunmawar Maman Patience!"

Gida ya ɗauka. Hajiya ta taso ta rungume ta, ana ta sa mata albarka. Rasit yana cikin jaka, to amma wa zai zaro rasit ana yi masa guɗa? Saratu ta yi murmushi, ta ci shinkafa ba ta ji ɗanɗanonta ba, ta koma gida.

Jarinta kaf yana cikin bokitan nan. Fulawa da sukari da bota duk bashi ta ɗauko wurin Obiechina, mai sayar da kayan haɗin burodi a kasuwar Tarauni. Ga Kirsimeti ta matso, lokacin da take samun abin da zai riƙe shagon har shekara ta zagayo. Mutane sun fara kira suna ba da oda, ita kuwa ko mudun fulawa ba ta da shi.

"Madam Saratu, ba ƙin ki na yi ba," in ji Obiechina. "Ni ma kamfani ba ya ba ni sai na biya. Ki kawo na baya, yau ɗin nan in loda miki kaya."

Ba ta ga laifinsa ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ta bi ƙananan basussukanta ta tattaro, ba su kai ko'ina ba. Ta je gidan Hajiya da niyyar magana, ta tarar da baƙi, Hajiya ta nuna ta tana cewa, "Ga wadda ta fitar da ni kunya." Ta dawo da ledar kayan biki da ciwon kai.

Mijinta Istifanus, malamin makaranta, ya samu abin tsokana. "Ke da kike sa 'yan kasuwa gumi, mace ɗaya ta gagare ki?"

"Malam, ka taɓa karɓar godiya ka mayar wa mai ita?"

Ya daina dariya. "Ban taɓa ba. Amma in kika rufe shagon nan, godiyar za mu dafa?"

Maganar ta yi mata zafi don gaskiya ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Washegari da hantsi ta nufi Darmanawa, tana tsoron a ce ta yi kyauta ta dawo tana bi, sunan da ba ya wankuwa a unguwa.

Ta sami Hajiya ita kaɗai tana tsince shinkafa. Suka gaisa, gaisuwa ta ƙare, Saratu ta sake sabuwa. Daga nan ta sunkuyar da kai.

"Hajiya, na zo da magana mai nauyi, ki yafe mini. Kayan bikin Ummi ba gudunmawa ba ne. Odar da kika yi ce na kawo, aka yi guɗa, na kasa magana. Wallahi da ina da hali da na bari a haka. Amma bashi na ci na yi su, kuma an hana ni fulawa."

Hajiya ta ajiye faifan. Ta dubi Saratu har Saratu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Maman Patience, ki ce ciniki ne?"

"Ciniki ne, Hajiya."

"Alhamdu lillahi!" Hajiya ta dafe ƙirji, ta fashe da dariya har da hawaye. "Kai, baiwar Allah, kin san abin da kika ɗora mini? Tun ranar nan ban sami sukuni ba. Na ji an kawo kuɗin gaisuwar Patience ɗinki. Ke kin san biki, abin da aka kawo maka ninkawa kake yi. Na zauna na auna bokitan nan, na ce ina zan samo ninkinsu? Ko Alhaji ban iya gaya wa ba. Adashi na shiga saboda ke, na roƙi uwar adashi ta ba ni ɗaukar farko, na ɓoye kuɗin ina jiran bikinku."

Ashe duk kwanakin nan su biyu suna fama da kaya ɗaya, kowacce tana yi wa 'yar'uwarta murmushi.

"Kawo takardar in gani," in ji Hajiya. Ta duba, ta jawo waya. "Wannan ai da sauƙi. Bashin ciniki a biya a huta, bashin biki kuwa har jikoki."

Wayar Saratu ta yi ƙara a cikin jaka, alamar kuɗi sun shiga. Ba ta ko duba ba. Ta zame daga kujera ta zauna a tabarma kusa da Hajiya, tana dariya tana share ido da gefen gyale.

"Hajiya, a ba ni ruwa," ta ce. "Da na shigo ko miyau ba na iya haɗiyewa."