Farantin Dabino a Gaban Suruki

Da safe Dakta Shehu ya tsaya gaban allo a jami'ar da yake koyar da tsohon Girkanci a Doha, yana jera wa ɗalibai yadda Girkawan zamanin da suke hana mutum abu a harshensu: akwai salon tsayar da wanda ya riga ya fara, akwai na tare shi tun bai soma ba, akwai kuma mai kaushi wanda ba ya barin musu. Yana gamawa ya figi mota sai unguwar Old Airport, don ɗaukar surukinsa.

Alhaji Baballe ya zo ne daga Gusau a cire masa tsakuwar matsarmama. An sa aikin bayan azahar, da sharaɗin kada komai ya shiga cikinsa tun asuba. In ya ci, za a ɗaga aikin, bizarsa kuwa ba za ta kai wani layin ba. Bilqis, 'yarsa kuma matar Shehu, tana bakin aiki a wani asibitin, wayarta a kashe.

"Malam, mu ratsa kasuwar Souq Waqif," in ji tsohon. "Turare zan saya wa mutanen gida."

Shehu bai taɓa yi masa musu ba. Ko ido ba su haɗawa, balle su ci abinci wuri ɗaya. Ya juya kan mota.

Mai tsaron shagon turaren da suka shiga, Mutala, ɗan zangon Kumasi ne. Jin Hausa ke da wuya ya jawo kujera, ya tsiyaya gahawa, ya dire farantin dabino.

"Yalla, Baba, bismilla! Baƙo ba shi fita nan da bakinsa busasshe."

Shehu ya sunkuyar da kai. "Baba, kamar dai likitoci sun ce sun fi so a je musu da ciki wayam."

"Sun faɗa," in ji Alhaji, yana naɗe hannun riga. "Abinci suke nufi. Dabino abinci ne?"

"Ko a ƙulle mana shi a leda, in an fito..."

"Haba, Dakta, ka bar tsoho ya ji daɗinsa mana," Mutala ya ce yana dariya. "Kai ne kafil ɗinsa, mai iko da zamansa a ƙasar nan?"

Alhaji ya miƙa hannu. Kalma ɗaya ta isa, amma kunyar suruki ta hana Shehu furta ta. Sai kawai ya sure farantin, ya tsuguna nan gaban surukinsa ya hau ci. Yana turawa, yana tofar da ƙwallo a tafin hannu, har faranti ya koma fes. Ya ɗauki gahawar ma ya shanye.

Alhaji ya dubi silin, ya dubi kwalaben turare, ya miƙe.

"Mu tafi," ya ce.

Suka wuce asibiti. Aka shiga da tsohon a kan lokaci, aka fito da shi lafiya. Da la'asar Bilqis ta iso a guje, ta tarar ya farfaɗo, Shehu kuwa yana can baranda ya ƙi shigowa.

"Baba, ya jikin?"

"Da sauƙi." Ya lumshe ido. "Ke, ki riƙa ba mijin nan naki abinci a gida."